Ƙarshen Littafin Bappa

"Malam, ba ni wayata."

Fakhruddeen ya tsaya cak a bakin ƙofa, makullin mota a hannunsa. Duk ranar da Sauda ta ce masa Malam, to babu sauran wasa.

"Haba Saudatuna... likita fa ya ce..."

"Likita ya ce in kwanta, na kwanta. Ya ce in bar gishiri, na bari. Ban ji inda ya ce a raba ni da 'yan'uwana ba."

Tana jingine da filo, ƙafafunta sun kumbura suntum, ciki ya tsufa, haihuwa yau ko gobe.

"Guruf ɗin gidanmu ni ce mai riƙe da shi," ta ci gaba. "'Yar Yaya Kabiru ta fara tafiya, ban ga bidiyon ba. Ni'ima ta gama bautar ƙasa, ko barka ban yi mata ba. Wa ya tafi, wa ya dawo, ban sani ba. Sai ka ce wadda aka kai gidan yari."

"Ni zan ba ki labarin kowa, masoyiya."

"Ba labarinka nake so ba. Muryar Bappa nake so."

Ya sunkuyar da kai kamar mai neman wani abu a ƙasa.

Abin da duk dangi suka sani, maƙwabtansu na Gwallameji ma suka sani, ban da Sauda, shi ne mahaifinta Bappa Jalo ya rasu tun Talatar da ta wuce. Yana alwalar azahar a gidansa na Inkil ya zame, shi ke nan. Da hannun Fakhruddeen aka sa shi a kabari. Ya dawo gida ya same ta tana barci, ya wanke ƙasar da ke hannunsa, ya zare wayarta daga ƙarƙashin filo. Mutanenmu ai ba sa jira, kafin a gama sallar gawa hoton mamaci ya cika sitatus a wayoyi.

Ba mugunta ba ce. Bara war haka jijjiga ta kama Sauda, suka rasa cikin fari, ita ma da ƙyar aka ceto ta. Wannan karon jininta ya sake hawa, likita ya ja masa kunne: ko ƙarar faɗuwar kwano kada ta firgita ta. Sai aka ce mata Bappa ya tafi ruga can bayan Alkaleri duba shanu, inda babu sabis.

"Bappa bai taɓa tafiya bai yi mini sallama ba," ta ce. "Ko Kangere zai je sai ya kira ni."

"Tafiyar gaggawa ce..."

"Kuma na gama littafinsa."

Littafin na gefenta a kan gado, tsoho, bangon ma ya fita. Bappa tsohon malamin makaranta ne. Kowace Juma'a sai ya tura wa guruf sunan littafin da yake so a karanta, kowa ya ce "to Bappa", babu mai buɗewa sai autarsa Sauda. Wannan labarin wani bafatake ne da ya bar gida da jakuna, hanya ta ɓace masa. Idon Bappa ya yi yana kafin ya kai ƙarshe, shi ne ya hawo keke ya kawo mata da kansa, ya ce, "Auta, ki karanta ki gaya mini ko ya dawo gida."

Fakhruddeen ya ƙaƙalo murmushi. "To ya dawo ɗin?"

"Ba kai zan fara gaya wa ba."

Ta juya masa baya da ƙyar, ta ce da bango, "Gobe ko ka ba ni wayata, ko ka kawo mini Dada. In ba haka ba wallahi keke zan tara in tafi Inkil da kaina."

Ya san matarsa. Za ta aikata.

Kayan ofis ne a jikinsa, amma Inkil ya nufa, kamar yadda yake yi kullum tun ranar. An fara naɗe tabarmin zaman makoki a ƙofar gida. Ya shiga ciki, ya durƙusa a bakin ɗakin surukarsa, labule a tsakaninsu.

"Dada, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Ya mai jikin?"

"Da sauƙi... Dada, don Allah ki warware mini alkawarin nan na ɓoye mata. Na gaji da kallon idonta ina ƙarya. Jiya sai da ta sa na ɗaga hannu muka yi wa Bappa addu'ar Allah ya dawo da shi lafiya. Na ce amin, Dada. Da bakina."

Sai ƙarar carbi.

"Ɗana, na san abin da na ɗora maka," Dada ta ce a hankali. "Amma an fitar mini da miji ta ƙofar nan. Ba zan iya ganin an fitar mini da 'ya ba. Ka ƙara daurewa, ta sauka tukuna."

"Ta ce in ba ki je ba gobe, ita za ta zo."

Carbin ya tsaya.

"Takaba nake, ɗana."

"Na sani, Dada."

Can ta nisa. "Lalura ce. Ka zo da hantsi ka ɗauke ni, ka dawo da ni kafin rana ta faɗi."

Ya yi ƙarfin hali. "Ko za ki ɗan sa kwalli... don kada ta..."

"A'a." Ba ta ɗaga murya ba, amma sai da ya ji kunya ta rufe shi. "Wannan haƙƙin Malam ne a kaina. Zan rufe jikina dai."

Duk Inkil an san Dada Habibatu da ƙamshi. Kafin ka gan ta humra ta riga ta yi mata sallama. Kwalli ba ya barin idonta, kuma 'yan kunnen azurfar da Bappa ya sa mata a lefe, Sauda tun tasowarta ba ta taɓa ganin an cire su ba. A mota washegari Fakhruddeen yana ta satar kallonta ta madubi. Ƙaton hijabi mai ruwan toka har ƙasa, fuska fayau.

Sauda na ganinta ta nemi miƙewa.

"Dada! Ashe za a tuna da ni..."

"Zauna, zauna. Ji ƙafa kamar turmi."

Dariya Sauda ta yi, irin wadda rabonsa da ji tun kafin Talata. Ya tsaya daga bakin ƙofa, shi bai shiga ba, shi bai fita ba.

"Ba ni labari, Dada. Wannan mutumin ya kulle ni. 'Yar Yaya Kabiru da gaske tana tafiya?"

"Har gudu. Jiya ta kifar mini da ƙwaryar nono."

"Ni'ima fa?"

"Ta dawo daga Yola, ta yi baƙi ta rame."

"Bappa fa? Yaushe zai dawo?"

Dada ta gyara zama. "Kin san shi da shanu."

"Ki cire hijabin nan mana, zafi ake yi, ga babu wuta."

"Bar shi. Sanyi nake ji."

"Sanyi? A wannan watan?"

Sauda ta matsa, ta ɗora kanta a cinyar uwarta kamar yadda ta saba, ta lumshe ido. Fakhruddeen na kallo lokacin da ta ja numfashi. Ta sake ja. Murmushin ya fara bajewa daga fuskarta.

"Dada... yau ba ki sa turare ba."

"Sauri muka yi."

Ta ɗago, ta zuba wa idon Dada ido. Babu kwalli. A hankali ta zura hannu ta gefen hijabin, Dada ta riƙe hannun, amma ina, yatsun sun riga sun kai kunne. Ta shafa ɗaya. Ta shafa ɗayan.

Ɗakin ya yi tsit, har ana jin mai tallan ruwa a layi.

Ba ta tambayi Dada ba. Juyowa ta yi.

"Malam, kalle ni."

Ya ɗago. Duk ƙaryar da ya tanada ta gudu ta bar shi.

"Yaushe?"

"Saudatu, don girman Allah ki..."

"Yaushe?"

"Ranar Talata," ya ce, hawaye na zubo masa.

"Ranar da ka dawo ka ce cunkoso ne ya tsare ka a Wunti." Muryarta ta yi sanyi ƙalau, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. "Ka binne mini uba, ka dawo ka zauna muka ci tuwo. Ka bar ni ina yi masa addu'ar dawowa..."

"Ni na sa shi, Auta," Dada ta ce tana kuka. "Ni ce. Ki ce innalillahi."

"Innalillahi wa inna..." Ta dafe kanta. "Dada, ba na gani sosai... kaina..."

Bai san lokacin da ya sure ta ba. Bai san yadda ya ratsa kekuna da 'yan acaba ba. Abin da ya iya tunawa kawai shi ne Dada a kujerar baya tana riƙe da kan Sauda, tana kiran sunayen Allah, shi kuma yana cewa, "Ki yi mini magana, Saudatu, ko zagi ne."

A asibiti Sista Jemima, nas ɗin da ke duba ta a wurin awo, tana ganin abin da na'urar awon jini ta nuna ta ƙwala wa likita kira. Aka tura gadon ɗakin tiyata, aka rufe ƙofa a fuskarsa.

Ya zauna a ƙasa a barandar, ga benci amma bai gan shi ba. Da ya gaya mata tun ranar, da haka ta faru? Da ya hana Dada zuwa fa? Kowace hanya ya bi a zuciyarsa, bakin ƙofar nan take dawo da shi. Yana son yarinyar nan, so na haƙiƙa, kuma yau ko ta rayu bai san ko za ta sake yarda da maganarsa ba.

Ana kiran la'asar ƙofar ta buɗe.

"Oga Fakhru," Sista Jemima ta ce tana sauke takunkumi, "ka samu namiji. Maman ma ta tsallake, amma ta ba mu wahala fa."

Nan inda yake ya kifa goshinsa a ƙasa.

Dada ta ga jikanta, ta tofa masa addu'a, Yaya Kabiru ya mayar da ita ɗakinta kafin magariba kamar yadda ta ce.

Sai washegari da safe aka bar Fakhruddeen ya shiga. Sauda na kwance, fuskarta a bango, jaririn a ɗan gadonsa. Ya ajiye wayarta a gefen filo, ya ajiye littafin a kusa da ita.

"Ga wayarki."

Ba ta juyo ba.

"Ban zo kare kaina ba, masoyiya. Na yi miki ƙarya, kuma kowace rana sai ta ƙona ni. Amma ko yau aka ce in zaɓa tsakanin ki yi fushi da ni har abada da in rasa ki... fushin zan ɗauka."

Kafaɗarta ta fara rawa.

"Ya sha wahala?"

"Ko kaɗan. Da alwalarsa ya tafi."

"Kai ka sa shi?"

"Ni da Yaya Kabiru. Ni na riƙe wajen kansa."

Ta daɗe tana kuka, shi kuma bai ce ta yi shiru ba. Can ta miƙo hannu ta baya, ba tare da ta juyo ba. Ya kama da hannu biyu.

"Kada ka sake, Deenina. Ko mutuwata ce likita ya gaya maka, ka gaya mini."

"Na yi alkawari."

"Ka yi masa huɗuba?"

"Kiran salla kawai na yi masa a kunne. Suna ke nake jira."

Sai yanzu ta juyo, idanunta sun kumbura. Ba ta taɓa kama sunan mahaifinta da bakinta ba, yau ma ba ta kama ba.

"Ka san sunan."

Ya ɗauki yaron, ya raɗa masa a kunne, ya miƙa mata. Ta karɓe shi a hankali saboda ɗinki, ta gyara masa zanen, ta tsura masa ido.

"Sannu da zuwa, Bappa," ta ce. "Ka tafi ba sallama, ka bar ni da saƙo a baki."

Fakhruddeen ya miƙe zai ba su wuri, ta riƙe rigarsa.

"Zauna. Ai shi zan fara gaya wa, kai ka ji daga gefe."

Ta sunkuya daidai ɗan kunnen, hawayenta na ɗiga a kan zanen.

"Bappa, na gama littafin. Ya sha wuya a hanya, jakunan ma duk sun mutu... amma ya dawo gida."