Gadon Fufu Hasna

"Ka cire babin nan, Tanjil! Don girman Allah ka cire shi!"

Shiuli ta riƙe masa hannun riga a bakin shagon shayi, a tsakiyar kasuwar littattafai ta Banglabazar, ko ta kan masu kallo ba ta bi ba. Bikinsu ya matso, ango kuma ya kafe.

"Ba zan iya ba, rabin raina..."

"Takarda ce fa!"

"Gaskiya ce a kanta."

Littafinsa na farko ke nan, babi ɗaya kuma ya tayar da ƙura. Labarin wata mace ne da yayanta ya riƙe mata gadon gonar shinkafa, ta yi shiru don kada a rufe mata ƙofar gidan ubanta. Haka ake yi: mace ta yafe rabonta, sai a riƙa yi mata maraba in ta zo ganin gida. Kowa ya sani, ba a dai rubutawa.

Matar kuwa Fufu Hasna ce, ƙanwar mahaifin Shiuli. Yayan nata kuwa shi ne Abban Shiuli, shugaban ƙungiyar masu sayar da littattafai ta layinsu. Kuma Shiuli da bakinta ta ba Tanjil labarin, ranar da soyayya ta kwance mata harshe.

"Gobe ƙungiya za ta zauna a kwashe littafinka daga shaguna," in ji ta. "Abba ya rantse, ko babin ko ni. Ka zaɓa!"

Tanjil ya sunkuyar da kai.

A gida ta tarar da Abba zaune a falo. Ta zube ta kama ƙafafunsa.

"Abba, ka ma karanta shi?"

"Ba sai na karanta ba, an gaya min."

"To yaya za ka hana abin da ba ka..."

"Shiuli! Na haife ki ko kin haife ni? Sirrin gidana a kan teburin kowane ɗan talla! Wa ya ba shi labarin?"

Ta sauke idanunta ƙasa.

"Ni dai ba ni ba ce," wata murya ta faɗa daga ƙofa.

Fufu Hasna ce, ta iso a jirgin ruwa daga garin Barisal saboda biki, da ƙullin kwakwa a hannu. Ƴar ƙaramar tsohuwa, amma in ta buɗe baki kowa sai ya natsu.

"Ƴar maƙwabta ta karanta min shi tas. A kira min marubucin."

Tanjil ya zo a guje, gumi sharkaf. Ya durƙusa ya taɓa ƙafafunta.

"Kai ne malamin alƙalami? Na zaci zan ga ƙato, ashe tsinke ne."

"Fufu, don ke na rubuta..."

"Don ni? Ka taɓa zuwa ka tambaye ni?"

"A'a..."

"Ka ce matar ta tsaya a bakin kogi ta ce ta tsani yayanta har abada. Yaushe na faɗa? Wannan mutumin shi ya goya ni lokacin ambaliya, ruwa har wuyansa! Ra'ayinka ne, yaro. In kana da shi, ka faɗa da bakinka, ka sa sunanka. Kada ka cusa min shi a nawa bakin."

Abba ya gyara zama, har da ɗan murmushi.

"Kun ji ko? Ƙarya ce! Gobe za mu..."

"Bhaijan, yayana, ban gama ba."

Ta juyo gare shi, idanunta sun kawo ruwa.

"Layi ɗaya ne ƙarya. Sauran fa? Shekarar da mijina ya kwanta ciwo, na zo gidan nan zan roƙi rabona, ka tarbe ni da kifi da sabon zane, na haɗiye maganar na koma. Tun ƙuruciya ba wanda ya ce, Hasna, me ke ranki? Yau an samu wanda ya faɗi rabi, kai kuma za ka tara maza ku rufe. Shi ya yi magana a madadina, kai za ka yi shiru a madadina. Ni ina nawa bakin?"

Shiuli ta toshe baki da mayafi, kuka na cin ta.

"Zan cire layin, Fufu," in ji Tanjil a hankali. "Ba don ƙungiya ba. Ki gaya min abin da kika faɗa a bakin kogin, shi zan sa."

"Ban ce komai ba. Kuka na yi, na hau jirgi."

Abba ya daɗe yana kallon ƙanwarsa, kamar yau ya fara ganin furfurarta. Shiuli ta rarrafa ta dafa gwiwarsa.

"Abba... kada ka raba ni da shi. Wallahi ba zan iya ba..."

Bai dube ta ba. Ya miƙa wa Tanjil hannu.

"Ba ni littafin."

Ya lalubo tabarau ya saka. Fufu Hasna ta ja tabarma ta zauna a gabansa.

"Da ƙarfi, Bhaijan. Ina so in ji shi daga bakinka."

Ya fara. Bai kai ƙarshen shafin farko ba hawaye ya ɗiga a kan takardar. Ya ɗago jajayen idanu ya dubi Tanjil.

"Matso kusa, surukina. Idona ba ya gani... ka nuna min inda na tsaya."