Azumin Tabita da Ƙwaryar Kunu

A zamanin da, a wani ƙauye a gindin dutse, an yi wata yarinya, Tabita. Ƙawarta Rahila ta kwanta ciwo, kwana uku ba ta sa komai a baki ba.

Tabita ta ce, "Kaka, yau zan yi azumi domin Rahila."

Kaka ta wanke mata fuska, ta shafa mata mai, ta ce, "Kada ki gaya wa kowa. In cikinki ya yi ƙugi, ki ɗauka ƙararrawar coci ce, ki yi addu'a."

Da hantsi ciki ya yi ƙugi, Tabita ta durƙusa. "Yesu, ka sa Rahila ta ci abinci." Da rana tsaka ya sake ƙugi, ta sake durƙusawa.

Da yamma Kaka ta aike ta da kunun gyaɗa wurin Rahila. Rahila ta kau da kai, ta ce, "Ba na sha, sai in kin sha."

Tabita ta dubi rana, saura kaɗan ta faɗi. Ta dubi busassun leɓunan ƙawarta. Sai ta kurɓa, ta miƙa mata ludayin. Wannan ta kurɓa, waccan ta kurɓa, har ƙwarya ta zama wayam.

Ta koma gida tana kuka. "Kaka, na karya azumina."

"Me kika roƙa tun safe?"

"Rahila ta ci abinci."

"Ta ci?"

"Ta sha sosai."

Kaka ta share mata hawaye da bakin zane. "To, zo mu durƙusa mu ce mun gode."