Katakon Marigayi

A shekarar da aka fara zancen za a karɓe sunan garinmu Abuja a ba sabon birni, mu koma Suleja, aka kai Rabi ɗakin Gwadabe a unguwar Magajiya. Auren so ne, kowa ya sani.

Sati uku da tarewa, tana goge kwanukan jerenta, ta ga wani ruwa ja kamar tofin goro a cikin langa. Ta sunsuna, ta ɗaga kai ta dubi rufi. Rabi 'yar kafinta ce. Ta hau turmi, ta ɗaga tabarmar da aka yi silin da ita, ta soka kibiyar kitso a katakon rufi. Kibiyar ta shige kamar a dafaffiyar doya.

Ta je ta durƙusa gaban uwar mijinta, Inna Daso.

"Inna, katakon ɗakina ya ruɓe."

"Wanda marigayi ya ɗora da hannunsa? Lallen ƙafarki bai goge ba, har kin fara kushe gidan uban mijinki?"

Kafin la'asar dangi sun ji an kawo amarya mai raini. Da Gwadabe ya dawo daga ofis, Inna ta tare shi a zaure: ko matarsa ta kama bakinta, ko ta kwashe kwanukanta.

"Sori, Rabi," ya ce yana sosa ƙeya. "Ki bar maganar nan, tsohuwa ta ɗau zafi."

"Na bari. Amma kai ka hau ka sa hannunka."

Bai hau ba. Rabi ta yi kukanta, ta ja gado gefe, ta ci gaba da kai wa Inna tuwo. Sai ranar da ruwan nan ya ɗiga masa a kofin shayi, ya kuma kurɓa.

"Bari in kira babanki," ya ce yana kakarin amai.

"A'a. Ka kira Emeka, kafintan bakin kasuwa. Ba za a kai asirin gidan Inna gidanmu ba."

Inna tana bayan ƙofa, ta ji.

Emeka ya yaye tabarmar. Wari ya fito kamar an buɗe masai. Kashin jemage ya zubo, da mushen ɓera, ga farar fumfuna ta lulluɓe katakon. Ya damƙi wani wuri, ya dagargaje a hannunsa kamar jiƙaƙƙen burodi.

"Mama, kwanon rufi ya huje, ruwa ya daɗe yana shiga. Damina ɗaya, wannan zai sauko a kan gado."

Inna ta toshe hanci da mayafi, ta dubi inda gadon ɗanta yake a da.

Aka yanke ruɓaɓɓen har inda guduma ta ji ƙarfi, aka sa sabo, aka shafe shi da baƙin mai, aka sauya kwanon. Inna ta ɗauki guntu ɗaya mai kyau daga katakon mijinta, ta miƙa wa Rabi.

"'Yata, ki ba babanki ya yi miki kujerar tsakar gida."

Ku ji ni, 'yan mata. Rabi ba ta haɗiye gaskiya ba, ba ta kuma yi yaji da ita ba. Ta faɗa sau ɗaya, ta rufa wa surukarta asiri, ta jira. Kujerar nan tana nan, a kanta ta yi wa jikokinta wanka.