Sawun Gishiri a Ɗakin Gwaji

Da safe Dakta ta buɗe firjin ɗakin gwaji ta tarar babu kwalbar. Ta duba sama ta duba ƙasa, ta fito da komai ta mayar, sannan ta zauna a kan kujera ta kira yayanta, sufeton ’yan sanda.

Sufeto yana kan hanyar ofis wayar ta shigo. Tun rasuwar mahaifinsu shi ya riƙe ta, shi ya kai ta makaranta a kan kekensa, kuma duk digirorin da ta tara bai daina ce mata Auta ba. Yana jin abin da ya faru ya juya kan mota zuwa cibiyar bincike da ke bakin teku.

“Yi mini bayani kamar ɗan aji ɗaya,” ya ce da ya iso. “Me aka ɗauka?”

“Haɗin da nake yi ne, Yaya. Daga man wani iri na faro shi. A dafa, a tace, a haɗa da wani abu, abin da ya fito a sake dafawa. Mataki ɗaya ya lalace, sai a koma farko. Kusan shekara nake kai. Duka-duka abin da na samu bai fi cikin cokali ba.”

“Amfaninsa?”

“Idan aka shafa wa ƙarfe, ruwan gishiri ba zai ci shi ba. Turakun gadar jirage da kake gani, tsatsa ta kusa gamawa da su. Yau bayan azahar kwamiti zai zo ya gwada. In babu kwalba, babu aikin, ni ma sai yadda ta yiwu.”

“Kin karya kuwa?”

“Yaya, don Allah!”

“To, na ji. Yaushe rabonki da ita?”

“Jiya da la’asar, da zan tashi.”

Sufeto ya zagaya ɗakin hannuwansa a baya. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba. Na’urori masu tsada na nan a inda suke. A cikin firjin akwai kwalabe iri ɗaya jere, gurbi ɗaya kawai babu komai. Ya buɗe saman firjin ya leƙa.

“Nan me ake ajiyewa?”

“Ƙanƙara.” Ta matso, ta yi turus. “Ita ma an kwashe. Da ’yar kular da ke kan teburin can.”

“Haɗin naki ba ya son zafi ke nan?”

“Ko kaɗan. Ya ɗumama, ya tashi daga aiki.”

Ya durƙusa. A kan simintin akwai farin tabo kamar an barbaɗa alli, siffar tafin takalmi, babba, sumul babu zane. Ya dangwala da yatsa ya kai baki. Gishiri ne. Ya bi sawun har ƙofar baya, wadda ke fita wani lungu tsakanin ginin da katangar teku. Lungun a bushe yake, sai wani katako da aka ɗora a kan bulo ta jikin bango.

Ya fara da mai gadi, wanda kujerarsa ke bakin ƙofar gaba.

“Bayan Dakta ta fita, wa ya shiga?”

“Babu kowa, yallaɓai. Ni na kulle da hannuna.”

“Motoci fa? Duk sun tafi?”

“Ban da ta Farfesa. Ta kwana a nan. Amma shi ofishinsa na tsohon gini, can kan tudu, kuma ya saba kwana in aiki ya riƙe shi.”

Ta biyu ita ce abokiyar aikin Dakta, wadda suke raba ɗakin gwajin. Uwar Ƙorafi ake ce mata, a gabanta ma, kuma tana amsawa.

“An ce kun yi faɗa da ita shekaranjiya.”

“Mun yi. Ta cinye mini rabin firji. Yau ma da ba ta cikin damuwa da mun sake.”

“Kina da makullin ƙofar baya?”

“Tun bara nake roƙo a ba ni. Ka tambaye su, har takarda na rubuta.”

“Jiya bayan la’asar kina ina?”

“Ina aji, ina fama da ɗalibai har magariba. Ka je ka tambaye su, in sun farka.”

Sufeto ya dubi ƙafarta, ’yar ƙarama ce kamar ta yarinya. Ya yi mata godiya.

“Wa ke da makullin bayan?” ya tambayi ƙanwarsa.

Ta sunkuyar da kai. “Baban yara. A lungun yake ajiye kayan awonsa.”

“Madalla,” in ji Sufeto, har da murza hannu. “Dama na daɗe ina neman dalili.”

Mijin Dakta aikinsa auna teku ne, shi ya sa kowa ke ce masa Mai Teku. Sufeto ya same shi a ƙarshen gadar jirage, ya duƙa yana karanta wata doguwar sanda mai lambobi da aka kafa a cikin ruwa. Dogo ne, mai sanyin magana, ƙafarsa cikin takalmin ruwa har gwiwa.

“Yaya, barka da zuwa. Ta kira ni, yanzu nake shirin hawowa.”

“Tsaya nan. Ba kai ne ka ce mini aikin nan ya ƙwace maka mata ba?”

“Na faɗa. Yara ma sun faɗa. Amma wa kake gani yake kawo mata abinci ɗakin gwajin?”

“Ɗaga ƙafarka.”

Mai Teku ya ɗaga. Tafin takalmin zane ne rututu kamar tayar babbar mota.

“Jiya tsakanin la’asar da magariba?”

“Ina nan inda ka same ni. Lokacin cikar ruwa ne, ba na matsawa. Masu gyaran gada na nan, sun gan ni.”

“Ruwan yana kaiwa lungun bayan ɗakin gwaji?”

Fuskar Mai Teku ta washe, kamar wanda aka tambaya labarin ɗansa. “Yana kaiwa, Yaya! Ta magudanar ruwa yake ɓullowa, har idon sawu. Da can ko kusa ba ya zuwa. Tekun ce ke hawa a hankali, ƙasar nan kuma tana zama. ’Yan shekarun nan ne ya fara, in ruwa ya cika sosai. Ni na sa katakon can. Duk mai aiki a ƙasa ya san ta kansa ake bi. Na rubuta maƙala a kai, na raba wa kowa.”

“Sun karanta?”

“Mutum ɗaya ya taɓa ambatonta a duniya, ita ce matata. Ita ma ina jin tausayi ne.”

“Ambato kamar yaya?”

“Haka ake auna mu. In ka rubuta bincike, duk wanda ya kafa hujja da shi ya sa sunanka, an ƙirga maka ɗaya. Da yawan ambaton ake sanin nauyin malami. Farfesa ai shi ne sarkinmu. Kullum kafin ya sha shayi sai ya buɗe kwamfuta ya ga ko an ƙara masa.”

“Me ya rubuta haka?”

“Maƙala ɗaya ce ta ɗaga shi, tun muna yara. A ciki ya nuna cewa wasu sinadarai biyu ba za su taɓa haɗuwa ta wannan hanyar ba.”

“Wace hanya?”

“Wadda matata ta bi.”

Sufeto ya daɗe yana kallon ruwa. Ya san Farfesa. Shi ya koyar da Auta tun shekararta ta farko, shi ya nema mata gurbi a cibiyar, ranar aurenta kuwa ya fi kowa kuka. Baba take ce masa.

“Kai ka fita, suruki,” ya ce. “Amma kada ka yi nisa, ban gama da kai ba a kan wasu abubuwan.”

Ya ɗauki Dakta suka hau tudu. Ofishin Farfesa cike yake da littattafai har rufi, a kusurwa kuma akwai ɗan teburin gwaji da tsohuwar na’ura. Dattijon yana zaune cikin kwat da taye, idanunsa jawur, kwamfutarsa a rufe.

“Ranka ya daɗe, ka ji abin da ya faru?”

“Na ji. Abin takaici.” Bai dubi Dakta ba.

“Kana da makullin ƙofar baya?”

“Wataƙila. Na taɓa shugabantar sashen, makullai da yawa sun rage a hannuna. Amma rabona da lungun nan an yi shekaru.”

“Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari,” in ji Sufeto. “Ranka ya daɗe, ko za ka miƙe?”

Farfesa ya dafa tebur ya tashi. A ƙasan wandon kwat ɗin, silifan wanka ne a ƙafarsa. Sufeto ya ja labulen taga. Ga takalmi sau-ciki an jingine a rana, an cusa masa jarida, farin layin gishiri ya zagaye fatar.

“Yaya, me kake yi haka?” Dakta ta ce. “Baba ne fa.”

“Zauna, Auta, ki ji. Wanda ya shiga bai taɓa na’ura ba, to ba ɓarawon kasuwa ba ne. Cikin kwalabe iri ɗaya ya zari guda, to ya san aikin. Ya bi ta baya don kada mai gadi ya gan shi, to yana da makulli. Uwar Ƙorafi ba ta da shi, tana aji, sawun ma ya fi ƙarfin ƙafarta. Mijinki yana kan gada, kuma da shi ne ta kan katakonsa zai bi. Wanda ya faɗa cikin ruwan nan da takalmin fata, mutum ne da ya san lungun tun yana bushe, bai san teku ta iso ba. Saura abu ɗaya. Mai son ɓata aikin, a magudana zai tuttular ya tafi. Wannan ya tsaya ya kwashi ƙanƙara, ya nemi kula. Ya ɗauke abin, amma ya kasa barin ya lalace.” Ya juya ga dattijon. “Tana ina, ranka ya daɗe?”

Farfesa ya sunkuya ƙarƙashin teburin gwajin ya jawo kular. Ya buɗe. Kwalbar na kwance cikin ƙanƙara, an naɗe ta da hankici.

Dakta ta karɓa, ta ɗaga ta a haske, ta daɗe tana dubawa. Sai hawaye.

“Me ya sa, Baba? Da ka tambaye ni ai da na ba ka.”

“Na gaya wa kaina tsoron kunyarki nake,” ya ce a hankali. “Na ce bari in gwada kafin kwamiti, in kuskure ne in rufa miki asiri. Ɗan kan allura na ɗiba. Na gwada, na sake gwadawa.” Ya koma ya zauna. “Babu kuskure, ’yata. Sun haɗu. A nan na gane ba kunyarki nake tsoro ba, tawa ce. Duk wanda zai ambace ni daga yau, don ya ce na yi kuskure ne. Gari ya waye ina riƙe da kular nan, na kasa saukowa.”

Sufeto ya gyara hularsa.

“Auta, sata ce, ko ta wane gefe aka duba. In kin shigar da ƙara zan rubuta. Ke ce mai kaya.”

Ta share fuska da bakin mayafi. Ta dubi tsohon da ya koya mata riƙe kwalba, ta dubi silifansa.

“Ba zan shigar ba. Amma ban yafe a banza ba. Baba, kai za ka gabatar da ni a gaban kwamiti. Kuma da bakinka za ka faɗi abin da ka gani a na’urarka.”

“A gaban kowa?”

“A gaban kowa. Uwar Ƙorafi ma za ka ba ta haƙuri, an yi mata tambayoyi saboda kai.”

“Wannan ya fi ɗauri,” in ji Sufeto. “Allah Ya ba ka sa’a, ranka ya daɗe.”

Bayan azahar zauren ya cika. Sufeto ya kira ofis ya ce zai makara, ya zauna a layin baya kusa da surukinsa. Farfesa ya hau dandamali, ya gyara taye.

“Rabin rayuwata ina koyar da cewa abin nan ba zai yiwu ba,” ya ce. “Jiya na gwada da hannuna, ya yiwu. Wadda ta ƙaryata ni ga ta nan. A ajina ta zauna, kuma ban taɓa yin aikin da ya kai koyar da ita ba.”

Dakta ta tashi ta fara bayani, tana zana wasu ƙahonni da layuka a kan allo. Sufeto bai gane ko kalma ɗaya ba. Da ta ɗan tsaya don ta sha ruwa, ya ɗauka an gama, ya miƙe tsaye yana tafi shi kaɗai da dukan ƙarfinsa. ’Yan kwamiti suka waiwayo gaba ɗaya.

“Yaya, ko rabi ba ta yi ba,” Mai Teku ya raɗa masa, yana jan rigarsa.

“Sake ni,” in ji Sufeto, bai daina tafin ba. “Ƙanwata ce.”