Hoton Auta a Zauren Iyaye Mata

Akwai wata yarinya 'yar aji shida mai son ƙanwarta kamar ranta. Ƙanwar shekarunta bakwai, Auta ake ce mata. Damuwar Auta ɗaya ce: har yanzu tana fitsarin kwance. Kullum da safe Umma kan shanya katifarta a bayan ɗaki, inda maƙwabta ba sa gani. Ba mai cewa komai.

Umma tana cikin wani zaure a wayarta, inda iyaye mata ke ba juna shawara kan lafiyar yara. Wata nas ce ke kula da shi. Mai tambayar sirri ba ta rubutawa a fili. Nas take tura wa ita kaɗai, ita kuma ta sa a zauren, ta ce, "Wata uwa tana tambaya." Ba suna, ba hoto.

Yarinyar ba ta san da wannan tsari ba.

Ran nan ta tarar da Auta tana wanke zanen gadonta, tana share hawaye da bayan hannu. Tausayi ya kama ta. Umma na kan keken ɗinki, wayarta na caji. Yarinyar ta ɗauka, ta rubuta a zauren: "Don Allah ku taimaka, ƙanwata tana fitsarin kwance." Ta ga kamar za su fi tausayawa idan sun ga fuskarta. Sai ta haɗa da hoton Auta cikin kayan makaranta, tana murmushi da giɓinta.

Ɗinki ya yi wa Umma yawa, ba ta duba wayar ba.

Washegari Auta ta dawo daga makaranta ido jajur.

"Autata, wa ya taɓa ki?" in ji Umma.

"'Yan ajinmu ne. Wai sunana Mai-ruwan-sama. Wai in riƙa kwana da lema." Ta fashe da kuka. "Wani yaro ne ya ga hotona a wayar mamarsa. Ni da makaranta har abada!"

Yarinyar ta matso kusa da Umma.

"Umma, ni ce na tura."

Umma ba ta yi faɗa ba. Ta dube ta, ta ce, "Mata nawa kike zaton suna cikin zauren nan?"

"Kamar goma?"

"Sun fi ɗari takwas. Kuma kowace tana da 'ya'ya masu taɓa waya irinki."

Nan take Umma ta kira nas, ta miƙa wa yarinyar wayar.

"Na goge hoton, 'yata," in ji nas. "Amma abin da ido ya gani ba ya goguwa. Ku kawo mini ƙanwar taki in duba ta. Yara da yawa suna yi, kuma yana wucewa."

Auta na kwance, ta juya wa bango fuska. Yarinyar ta durƙusa kusa da ita.

"Auta, ki yafe mini. Wallahi taimako na so yi."

"To me ya sa ba ki tambaye ni ba, Yaya?"

Yarinyar ta zauna a gefenta, ta dafa kafaɗarta.

Da safe Umma ta lallashi Auta, ta raka su makaranta, ta yi magana da malamar ajin su Auta. Yarinyar ta laɓe a bakin taga tana leƙe.

Malama ta dubi 'yan aji, ta ce, "Wanda bai taɓa jiƙa shimfiɗa ba tun da aka haife shi, ya ɗaga hannu."

Ba wanda ya ɗaga. Kowa ya sunkuyar da kai.

"Ni ma kun ga nawa hannun a ƙasa yake," in ji Malama.

Aji ya kwashe da dariya. Auta ma ta yi, har ta rufe baki da littafi. Yaron da ya fara tsokanar ya miƙe ya ba ta haƙuri.

Da aka tashi, Auta ta zo ta ɗora wa yayarta jaka a kafaɗa.

"Ga hukuncinki. Ke za ki riƙa ɗaukar mini, sati guda."

"Wata guda ma na yarda."

"To, wata biyu."

Suka kama hanyar gida hannu cikin hannu.

Tun daga ranar yarinyar ta koyi darasi. Neman taimako abu ne mai kyau. Amma sirrin wani amana ne, kuma zauren waya ba ɗakin uwarka ba ne. Kafin ka tura hoto ko labarin wani, ka tambaye shi, ka kuma tambayi babba.