Motar da Ke Ƙin Hawa a Hannun Baba

Ana tsakiyar cunkoson safe aka bugo waya ofishin 'yan sanda. Wata ƙaramar mota mai shan dizal ta yi karo da tankar ruwa a kan hawan da ke bayan gari, direbanta ya mutu nan take.

Sufeto ya tarar da motar a matse tsakanin tankar da wata tirela kamar gwangwanin da aka taka. Sai da aka yanka ƙofa kafin a ciro gawar. Matashi ne, agogon hannunsa ma bai daina aiki ba.

Direban tirelar na zaune a bakin kwalta, ya haɗa kai da gwiwa.

"Kai ka hana shi wucewa?" in ji Sufeto.

"Ni da nake rarrafe da siminti, ranka ya daɗe? Har hannu na miƙa masa ya wuce. Ya fito lafiya lau, ya zo daidai tsakiyar motata, sai tasa ta yi sanyi. Ba ta mutu ba fa, amma ta ƙi gaba. Ina kallonsa yana dukan sitiyari. Ga tanka a gabansa, ga ni a gefensa, ina zai shiga?"

"Ka ji wata ƙara?"

"Abin da ban ji ba ke nan. Mota mai turbo, abin nan mai ƙara wa inji ƙarfi, in an taka mata totur tana wani siririn fito. Wannan shiru ta yi."

Saje, wani dattijon ɗan sanda mai tumbi da ke bin Sufeto ko'ina, ya cusa hannu cikin bonet ɗin da ya lanƙwashe. Ya nuna wata 'yar waya murɗaɗɗiya da ta maƙale a jikin wani siririn tiyo, da guntun koriyar roba a bakinta.

"Wannan wane ɓangare ne na inji?" in ji Sufeto.

"Ni da ko keke ban ajiye ba kake tambaya, yallaɓai?"

Sufeto ya yanko tiyon, ya haɗa da wayar, ya zura a aljihu.

Kafin rana ta take, uban mamacin ya aiko da ƙara. Motar tasa ce, kuma ya ce bakaniken da ke gyara ta shi ya kashe masa ɗa. Shugaban ofis bai tsaya wata-wata ba, ya sa aka jefa bakaniken bayan kanta.

"Rubuta tuhuma," ya ce wa Sufeto. "Gobe da safe kotu. Ba na son surutu."

Ofishin Sufeto ba shi da taga, fankarsa ba ta iya komai sai juya zafi. Nan aka kawo bakaniken, ba takalmi, hannuwansa baƙi ƙirin.

"Ka gyara motar ko ba ka gyara ba?"

"Na gyara ta tsaf, yallaɓai."

"To me ya sa take ta komowa garejinka?"

Sufeto ya matso kusa da shi.

"Malam, in ka shiga motar kotu gobe, 'ya'yanka sai dai su riƙa kai maka ziyara. Faɗa mini gaskiya."

"Ban gyara ba," ya ce, murya can ƙasa. "Ban ma ga abin gyarawa ba. Tsohon zai zo yana kumfar baki, wai ta ƙi hawa. Na canza filta, na wanke sensa, na bi duk bututun iska ko akwai huji. In na sa kwamfuta, sai ta ce iskar turbo ba ta isa ba. In goge bayanin, in hau wannan tudun da ita, sai ta tashi kamar za ta bar ƙasa. Sai in ce masa na gyara, don in huta da zagi."

"Tun farko haka take?"

"A'a. Karon farko ciwon gaske ne, wani ɗan tiyo ne ya tsage. Shi ke jan hannun turbo. In ya tsage ko ya toshe, turbo ba zai ɗauka ba, sai motar ta rage wa kanta ƙarfi don kada inji ya lalace. A cikin unguwa ba za ka ji sosai ba. Sai an zo hawa, ko an zo wuce wata."

Sufeto ya ajiye tiyon a kan tebur. Bakaniken ya ɗauka, ya murza shi, idanunsa suka fito.

"Ni na sa wannan sabo! Wannan shatin fa? Ba zafi ba ne, ba haƙorin ɓera ba ne. Matse shi aka yi, kuma ba sau ɗaya ba."

"Wa ka taɓa nuna wa aikinsa?"

"Yallaɓai, ni bakina ba ya hutawa in ina aiki. Duk wanda ya tsaya kusa da ni sai ya sha darasi, ko ya so ko bai so ba."

Aka mai da shi ciki. Ƙarar sakatar ta biyo Sufeto har waje.

Gidan tsohon katanga ce mai tsawo, kowace taga da ƙarafa. Sufeto ya tsaya a bakin get. Ginshiƙin dama duk ya goge, da fentin motar a jikinsa, sabo a kan tsoho.

Masu gaisuwa sun ragu. Tsohon na zaune a falo, ƙato ne har yanzu, direban manyan motoci da ya yi ritaya. 'Yarsa, malamar makaranta, ta kawo ruwa ta koma jikin bango.

"Sannu da zuwa, Sufeto," in ji tsohon, ya miƙa hannu wajen Saje.

Saje ya karɓa. "An ƙara mini girma ke nan, Baba. Ga Sufeton nan a hagunka."

"Na gan shi. Idona garau yake."

"Allah ya jiƙansa, Baba," in ji Sufeto. "Yaushe motar ke yin wannan sanyin?"

"Duk ranar da na nufi babban titi. Ina zuwa hawan farko sai ta zama jaka. In zage ta, in juyo gida."

"In wani ne ya tuƙa fa?"

"In wannan ce ke ja na, ba ta taɓa yi ba. Har cewa take ƙafata ce ta tsufa. Ni! Ni da na ƙare rayuwata a kan kwalta!"

Sufeto ya juya. "Malama, ke kike kai ta gareji?"

"Wani lokaci. Amma ni ko inda ake buɗe bonet ban sani ba."

"Yau kina ina?"

"Na fita makaranta da wuri. Na bar ƙanena Auta, Allah ya jiƙansa, yana barci. Jiya ya zo mana hutu."

Ta faɗi haka tana kallon ƙasa, tana murɗa bakin mayafinta.

"A ina motar ke kwana?"

"Ta baya."

Bayan gidan wani ɗan lungu ne tsakanin katanga da ɗakin girki, da ƙyar mota za ta buɗe ƙofa. Ga tabon mai a ƙasa. A sama kuma igiyar shanya ce, da rigunan tsohon, kowace an maƙale ta da ɗan abin matse shanya na koriyar roba.

Sufeto ya ciro guda. Ya fito da 'yar wayar da ke aljihunsa ya kara, iri ɗaya ce da wadda ke tsakiyarsa. Ya sa tiyon a bakin abin. Haƙoran suka zauna daram a kan shatin.

Ya so a ce bai dace ba. Ya daɗe a tsaye yana jin katangar kamar tana matsowa. In ya yi shiru, gobe marar laifi zai shiga kotu. In ya yi magana, gidan nan ya rasa mutum biyu a rana ɗaya.

"Saje, kira mini Malama."

Tana fitowa ta ga abin da ke hannunsa, sai ta dafa bango.

"Wa ya kai motar gareji ranar da tiyon nan ya tsage?"

"Ni ce."

"Ya nuna miki?"

Ta gyaɗa kai. Sannan maganar ta ɓalle mata.

"Likita ya ce kada ya sake taɓa sitiyari saboda idonsa. Na ɓoye makulli, ya daina cin abincina, ya ce na mai da shi fursuna a gidansa. Ya bangaje mai keke, ni na je na durƙusa ina ba da haƙuri. Ba ni da halin barin aiki, ba ni da halin barinsa. Ya zan yi da ubana, in ɗaure shi? Sai na riƙa matse tiyon duk ranar da ya ce zai hau babban titi. Ya je ya dawo da rai. Da yamma in cire."

"Yau fa?"

"Ya ce da kansa zai je garin gaba ya karɓo maganinsa, ba ya son rakiyar kowa. Na matse kafin in fita. Auta bai sani ba. Auta ba ya ma taɓa motar Baba."

"Kin san akwai mutum a kulle saboda wannan?"

"Na sani. Tun safe nake buɗe baki, sai in kalli Baba, maganar ta koma."

Sai suka ji motsi. Tsohon na tsaye a ƙofar ɗakin girki, ya lalubo bango har ya iso.

"Baba..."

"Na shiga motar," ya ce a hankali. "Na kunna ta. Na duba gaba, ban ga get ba. Fari kawai nake gani. Sai na ce yau dai bari in ji maganar yarinyar nan. Na tashi Auta, na ba shi makulli."

Rigunan na ta kaɗawa a kan igiya.

Saje ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, Sufeto ya girgiza masa kai.

"Malama, za ki biyo mu ki ba da bayani. Saje, buga ofis. A fito da bakaniken nan, a ba shi takalmansa."

Ta gyara mayafinta ta bi su. A bakin get ta tsaya.

"Yallaɓai, maganin idonsa na kan firji. Ba ya iya ɗiga wa kansa."

"Zan gaya wa maƙwabta."

Da motar 'yan sanda ta tashi, Sufeto ya duba madubi. Tsohon ya fito, ya riƙe ƙarfen get da hannu ɗaya, ya ɗaga ɗayan yana kiran 'yarsa, fuskarsa na kallon hanyar da ba su bi ba.