Kiyashi a Jikin Rumbu

A ƙauyen Gangarar Kanya, yamma da Kunci, kowa yana da abin faɗa a kan Sama'ilu mai gyaran babur. Tsofaffi sun ce maraya ne, Malam Yuguda ya ɗauko shi yana rarrafe bayan rasuwar amininsa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Mata sun ce ba ya ɗaga ido. Samarin bakin kasuwa kuwa abu ɗaya suke maimaitawa: bara 'yan bindiga sun tare hanya sun tafi da shi, kuma ya dawo da ƙafafunsa. Wasu ba su dawo ba.

Ran da bindigar gidan Malam Yuguda ta ɓace daga ɗakin Sama'ilu, maganar samarin ce ta yi rinjaye.

Washegari da hantsi mai unguwa ya buga waya ofishin 'yan sanda na Kunci. Sufeto Khalilu ya iso da kofur ɗaya a tsohuwar motar ofis. Ya tarar da jama'a sun cika ƙofar gidan mai unguwa, wasu da gora, wani da galan ɗin fetur. An kulle Sama'ilu a zaure don kada a taɓa shi.

"Ranka ya daɗe, sun ce shi ke kai wa mutanen daji labari, kuma ya sayar musu da bindigar," in ji mai unguwa. "Na roƙe su su dakata zuwa la'asar. Bayan nan ba ni da bakin da za su ji."

Sufeto ya tsayar da kofur a bakin ƙofa, ya shiga. Sama'ilu na zaune a ƙasa, goshinsa ya kumbura.

"Yaushe ka ga bindigar a ƙarshe?"

"Jiya da safe, yallaɓai. Na kulle ɗaki na tafi shago."

"Da ka dawo?"

"Kwaɗo yana kulle. Ita ce ba ta nan."

"Wa ka gani a kusa da ɗakin?"

Sama'ilu ya dubi yatsun ƙafarsa. "Ban ga kowa ba."

"Ka ji abin da ke waje?"

"Ina ji."

"Kuma ba ka ga kowa ba."

"Ban gani ba, yallaɓai."

Sufeto bai matsa masa ba. Ya daɗe a aiki, ya san shirun mai laifi, ya san na mai rufa wa wani asiri. Ya karɓi makulli ya fita.

Ɗakin Sama'ilu yana daf da ƙofar gidan Malam Yuguda. Ba a fasa kwaɗo ba, ba a birkita kaya ba. A ƙarƙashin gado akwai akwatin ƙarfe. Sufeto ya buɗe, ya ga kwalin harsasai cike, ko ɗaya ba a ɗauka ba. Ya daɗe yana kallonsu. Mai kai wa ɓarayin daji bindiga ba ya barin abincinta a gida.

Malam Yuguda yana kishingiɗe a inuwar darbejiya a tsakar gida, tsoho mai rawar hannu. Ya nuna lasisin bindigar, da sunansa a kai.

"Baba, me ya sa mai lasisi yana nan, bindiga tana ɗakin wani?"

"Ɗakinsa ne a bakin ƙofa. Ni kuwa ka ga hannuna."

"Wannan ma magana ce, za mu dawo kanta. Yaya aka yi aka saye ta?"

Tsohon ya gyara zama. Ya ce tun da aka fara shiga ƙauyukan iyakar Katsina, barci ya ƙaurace wa gidan. Ya nemi izini, aka daɗe ana kai da kawowa, aka ba shi. Suka tafi birni wajen dillali mai rajista, shi da babban ɗansa Basiru da Sama'ilu.

"Basiru maharbi ne, gadon kakansa ya ɗauka. Yana shiga ya kama wata mai baki biyu, mai nauyi kamar taɓarya. Ya ce ita ce bindigar maza. Na ɗaga ta, hannuna ya ƙi. Sai Sama'ilu ya ce, Baba, ran da za su zo ba za su tambaya ko Yaya yana gida ba. A ɗauki wadda kai za ka iya ɗagawa, wadda ko mace ce ta rage a gida ba za ta gagare ta ba. Ya nuna wata marar nauyi, mai ɗora harsashi na gaba da kanta."

"Ka bi shawararsa."

"Na bi. Na ce, kai ne ka san gidan nan."

"A gaban Basiru?"

"A gaban kowa. Gaskiya na faɗa."

"Basiru ya ce me?"

"Bai ce komai ba. Har Dawanau bai yi magana a mota ba. Dama shi ba mai magana ba ne."

"Kwaɗon ɗakin, makullinsa nawa?"

"Biyu. Ɗaya yana aljihun rigata ta Juma'a, a rataye. Ba mai shiga ɗakina sai 'ya'yana."

Basiru ya shigo ana cikin haka, dogo, mai faɗin kafaɗa, da tsohuwar bindigarsa ta farauta a rataye. Ya durƙusa ya gai da mahaifinsa, ya miƙa wa Sufeto hannu.

"Jiya ina kake?"

"Dawanau na kai wake. Sai bayan magariba na dawo."

"Kana ganin ƙanenka zai aikata abin da ake faɗa?"

"Yaron Baba? Allah ne masani. Ni dai na faɗa tun farko, bindiga ba sifanar gyaran babur ba ce."

Sufeto ya sa hannu ya shafa bakin tsohuwar bindigar. Tana sheƙi. Ya shinshina yatsansa.

"Da me kake goge ta?"

"Man gyaɗa. Haka kakanmu ya koya mana. Ƙarfe ba ya son ƙishirwa."

A bayan gida Hure, matar Basiru, tana tuyar ƙuli-ƙuli. Ta ja mayafi ta gai da Sufeto ba ta ɗago ba.

"Sannu da aiki. Maigidan ya yi sammakon Dawanau jiya?"

"Tun asuba ya fita."

"Bai dawo ba sai dare?"

"Sai dare."

Sufeto ya tsuguna gefe, ya sayi ƙuli na ci, ya zauna yana tauna kamar ba shi da wani aiki. Bai sake tambaya ba. Can Hure ta gaji da shirun.

"Ka yi haƙuri da shi, yallaɓai, bai ji mai ba. Kwalbar man gyaɗa guda na ajiye jiya da azahar, na je ɗebo ruwa, na dawo ta koma rabi. Har tsohon zanena da ke kan igiya an ɗauke. Gidan nan in ka ajiye abu sai ka zauna a kansa."

"Yara ne?"

"Yara suna makaranta. Na tambayi maigidan, ya ce in bar shi da..." Ta tsaya. Ludayin ya tsaya a hannunta.

"Da azahar kika tambaye shi?"

Ƙulin da ke cikin kasko ya fara ƙonewa.

Sufeto ya tashi ya zaga gidan a hankali. Ya leƙa turken awaki, ya leƙa ɗakin kara, ya duba rijiya. A kusurwar gabas akwai rumbuna uku na ƙasa. Biyu ƙanana na masu ɗaki ne. Babban na gandu ne, wanda aka cika da dawa tun kaka, ba a buɗe shi sai ruwa ya sauka, kuma babban ɗa ne kaɗai ke hawansa.

A jikin babban rumbun wani jan layi siriri ya tashi daga ƙasa har ƙarƙashin murfi. Sufeto ya matsa kusa. Shi ma a gidan noma ya tashi.

Ya aika a kira Malam Yuguda da Basiru da mai unguwa.

"Baba, mene ne wannan?"

Tsohon ya kanne ido. "Kiyashi."

"Me ke cikin rumbun?"

"Dawa zalla."

"Tururuwa na sani da dawa. Kiyashi me yake bi?"

Malam Yuguda ya juya a hankali ya dubi ɗansa.

"Malam Basiru, ɗauko tsani," in ji Sufeto. "Kai ke da hawa."

Basiru ya tsaya kamar an dasa shi. Daga baya ya sauke bindigarsa ya jingine, ya kafa tsani, ya hau, ya ture murfin. Ya sauko da wani dogon abu naɗe cikin zanen atamfa, zanen ya jiƙe da mai, kiyashi na zuba daga jikinsa.

"Ko ɓoye ta ka yi, ba ka iya barin ta ta yi tsatsa ba," in ji Sufeto.

Basiru ya zauna a ƙasa.

"Ba sayarwa zan yi ba. Na ce in ɓoye ta kwana biyu, Baba ya ga wanda ya ba amana bai iya riƙo ba, sannan in ce na gano ta a daji." Ya share fuska da tafin hannu. "Ni na yi noman gidan nan tun ina ɗan saurayi. Da mutanen daji suka kama Sama'ilu, shanun huɗata aka sayar aka karɓo shi, ban ce uffan ba. Abu ɗaya na iya a duniya wanda bai iya ba, shi ne bindiga. Ita ma aka ce shi ya san gida."

"Da ka ji an fara cewa shi ke kai labari daji fa?"

Basiru ya sunkuyar da kai.

"Na ji daɗi," ya ce. "Da safe da suka jefe shi ina tsaye. Na ce bari a ɗan ƙara."

Malam Yuguda ya dogara sandarsa ya kawar da kai.

Sufeto ya karɓi bindigar, ya ce za ta zauna a ofis har a duba maganar lasisi. Bai sa wa Basiru ankwa ba. Ya sa shi gaba, suka bi ta lungu zuwa gidan mai unguwa, ana kiran sallar la'asar.

Jama'a suka ga bindigar naɗe cikin zanen, suka ga wanda ke tafe a gaban Sufeto. Hayaniya ta mutu. Mai galan ɗin fetur ya mayar da shi bayansa.

Aka buɗe zaure. Sama'ilu ya fito yana kare ido daga rana. Sufeto ya tsaya kusa da shi ya yi ƙasa da murya.

"Ka gan shi jiya."

"Na dawo ɗaukar sifana, na hango shi yana fitowa daga ɗakina."

"Da sun ƙone ka fa?"

"A tabarma ɗaya muka yi barci har aka yi masa aure, yallaɓai. Da wane baki zan faɗa?"

Kofur ya buɗe bayan mota. Basiru ya ɗora ƙafa ɗaya, sai ya sauke ta. Ya juyo. Bai dubi jama'a ba, bai dubi mahaifinsa da ya biyo su yana dogara sanda ba. Ya yi gyaran murya, ya ɗaga ta yadda na bayan taro ma za su ji.

"Sama'ilu bai sayar da komai ba, bai kai wa kowa labari ba. Ni na ɗauka." Ya juya ga Sama'ilu. "Sama'ilu, na zalunce ka ina sane. Don Allah ka yafe mini."